Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga 'Yan Majalisar Tarayya Na Jihar Katsina Kan Albashin Ma'aikatan Kamfanonin Da Suka Karye

Zuwa ga masu girma Sanatoci 3 da 'yan Majalisar Wakilai 15 da ke wakiltar Jihar Katsina a Majalisar Tarayya, Abuja.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, tare da addu'ar Allah Ya dafa muku a kan amanar da jama'a suka ɗora muku, ina rubuto wannan wasiƙa a madadin kaina da abokan aikina 46, waɗanda muka yi aiki a wata masana'antar casar shinkafa da ke bayan garin Katsina har zuwa ranar da aka garƙame ƙofarta muna bin albashin wata 7. Ni ne mai kula da sito a wurin, kuma ni 'yan'uwana suka wakilta in riƙa bin maganar haƙƙinmu. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, domin ba tonon silili ya kawo ni ba, kuma abin da ya same mu ya sami ma'aikatan wasu wurare da dama. Na zaɓi in yi magana da ku ne saboda dokar kamfanoni da dokar ƙwadago duk suna cikin abubuwan da tsarin mulki ya keɓe wa Majalisar Tarayya, don haka gyaran da muke nema a hannunku yake.

Ranku ya daɗe, kamfani ba ya mutuwa rana ɗaya, kuma ma'aikaci ne yake fara jin ciwon ajalinsa a jikinsa. Mu dai abin ya fara mana ne da jinkirin albashi daga ƙarshen wata zuwa goma ga wata mai kamawa, sai aka koma ba mu rabi da alkawarin cikowa, daga baya rabin ma ya ɗauke. Duk wannan lokaci muna zuwa aiki, injin yana juyawa, manyan motoci suna fita da kaya, ni da hannuna nake rubuta adadin buhunan da suka fita a littafin sito. Wata ranar Litinin muka zo da sassafe muka tarar da sabon kwaɗo a ƙofa, da takarda a manne da ke cewa wani banki ya karɓe wurin saboda bashin da yake bi, da 'yan sanda biyu zaune a bencin da muke cin abinci. Bayan mako uku muna tsaye a bakin titi aka ɗora babban janareton masana'antar a tirela aka tafi da shi. Babu wanda ya fito ya yi mana bayani, kuma har yau babu wata takarda da aka rubuto mana a matsayinmu na masu bin bashi.

Ba zan ce masu kamfanin sun shirya cutar mu tun farko ba. Kowa ya san halin da masana'antu suka shiga na rashin wutar lantarki, da tsadar gas ɗin injina, da faɗuwar darajar Naira tun 2023, da matsalar tsaro da ta hana manoma da yawa zuwa gonakinsu a yammacin jihar nan. Kasuwanci riba ne da asara, kuma wanda ya zuba jari ya shiga da sanin haka. Ma'aikaci kuwa bai yi da kowa zai raba asara ba, tunda ba a taɓa kiransa rabon riba ba. Ƙarfinsa ya sayar a kan farashin da aka yanka, kuma an riga an karɓi ƙarfin.

Kukanmu na farko shi ne yadda doka ta jera masu bin bashi. Dokar Kamfanoni ta 2020, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 7 ga Agusta na shekarar, ta tanadi a sashe na 657 cewa idan ana rusa kamfani akwai basussukan da za a fifita, kuma a cikinsu akwai albashin ma'aikata, da ladan leburori, da kuɗin hutun da ma'aikaci ya tara, da kuɗin fanshon da aka cire daga albashinsa. Da lauya ya karanta mana wannan, wasu daga cikinmu har hamdala suka yi. Sai ya ce mu dakata, ya gangara ƙasa a cikin sashen guda, inda dokar ta ce wanda ke bin bashi da jingina a hannunsa yana gaban kowa, har da waɗannan basussuka da aka ce an fifita. Ma'anar wannan a aikace ita ce, idan fili da gini da injina duk suna jingine a banki, kamar yadda ya kasance a yawancin masana'antun da suka ci bashi, banki zai fara ɗiban nasa, sannan abin da ya yi saura, idan ya yi saura, shi za mu raba. Ko a wannan sauran ma ba mu kaɗai ba ne, domin harajin gwamnati yana sahu ɗaya da albashinmu, kuma idan kuɗin bai isa ba kowa rage masa ake yi gwargwadon abin da yake bi. Wato mai gadin da ke bin Naira dubu ɗari uku ko huɗu zai tsaya kafaɗa da kafaɗa da hukumar haraji a gaban tukunyar da aka riga aka kwashe.

Banki yana da lauyoyi da masu ƙididdigar asara, yana bincike kafin ya ba da rance, yana sa ruwa gwargwadon haɗarin da ya hango, kuma ya raba kuɗinsa a hannun dubban mutane ta yadda karyewar ɗaya ba za ta durƙusar da shi ba. Ma'aikaci ba shi da ikon duba littattafan kuɗin kamfani kafin ya karɓi aiki, ba ya karɓar jingina, kuma wurin nan guda shi ne dukkan abincinsa. A ganina adalci bai yarda a sa mai rauni a bayan mai ƙarfi a wannan layi ba.

Kuka na biyu ya shafi hanyar zuwa kotu, kuma a nan ne muka fi shan wahala. Doka ta ba duk mai bin kamfani bashin da ya haura wani ƙayyadadden adadi, wanda dokar 2020 ta fara yankawa a kan Naira 200,000, damar kai masa takardar neman biya, kuma idan mako uku ya wuce bai biya ba, ana ɗaukar sa a matsayin wanda ya gaza biyan bashinsa, sai a shigar da ƙarar neman kotu ta rusa shi. Tunda mafi ƙarancin albashi ya koma Naira 70,000 a 2024, wanda ke bin wata uku ma ya kai wancan adadi na 2020. A takarda abin kamar mai sauƙi ne. Amma ƙarar rusa kamfani Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai ke sauraron ta, kuma sai wadda ke yankin da ofishin kamfanin na rajista ko hedikwatarsa yake. Namu kamfanin a Katsina yake aiki, amma a Legas aka yi masa rajistar ofis, don haka ko da yake akwai Babbar Kotun Tarayya a nan garin, an shaida mana cewa can za mu je. Ga kuɗin shigar da ƙara, ga kuɗin lauya, ga kuɗin buga sanarwa a jarida wanda ƙa'idar irin wannan ƙara ta wajabta, ga kuɗin mota da masauki duk ranar zama. Mun yi karo-karo a ƙarƙashin wata bishiyar dalbejiya kusa da Ƙofar Ƙaura, wani ya kawo dubu biyu, wani dubu ɗaya, wani ya ce a yi masa haƙuri sai ya sami aikin gini, abin da muka tara bai kai kuɗin tafiya ɗaya ta lauya ba.

Sannan kotuna sun daɗe da tsayawa a kan cewa ba a amfani da ƙarar rusa kamfani wajen karɓar bashin da ake jayayya ta gaskiya a kansa. Wannan ƙa'ida tana da hikima, domin tana hana a tozarta kamfani mai lafiya da ƙarar ƙarya. Sai dai ga ma'aikaci tana zama tarko, saboda da yawa daga cikinmu ba a taɓa ba su takardar ɗaukar aiki ba, duk da cewa sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta a ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa kafin ya wuce wata uku da farawa. Masu dako da masu ɗinkin buhu a hannu ake biyansu, wasu kuma ta hannun ɗan kwangila aka ɗauko su, don haka da kamfani ya ce bai san su ba, ko bai yarda da adadin ba, sai magana ta koma Kotun Ɗa'ar Ma'aikata, wadda ita ce ke da hurumin shari'ar albashi. Idan mutum ya yi sa'a ya sami hukunci a can bayan dogon lokaci, zai dawo ya tarar babu abin da zai kama. Idan kuma a tsakiyar shari'ar wata kotu ta ba da umarnin rusa kamfanin, ƙararsa za ta tsaya cik sai ya nemi izini na musamman. Wanda kuma ya yi ɗawainiyar shigar da ƙarar rusawa ba shi ake fara biya ba, domin da zarar an naɗa jami'in da zai tattara kadarori ya sayar, aikin ya zama na dukkan masu bin bashi.

Kuka na uku shi ne fansho, kuma shi ya fi ƙona mana rai. Dokar Fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, mai kamfani ya ƙara kashi 10, a tura asusun ma'aikacin cikin kwana 7 na aiki bayan biyan albashi. Takardun albashina suna nuna an cire nawa kowane wata. Da na je ofishin kamfanin da ke kula da fanshona aka buga min bayanin asusu, sai na ga kusan shekara biyu ba a saka ko kwabo ba. Wannan ba bashi ba ne irin na ciniki, kuɗinmu ne da aka riƙe amana aka yi wata hidima da shi.

Ina so masu girma su san abin da wata 7 ba albashi yake nufi a gidan talaka. Direban motar ɗaukar kayanmu, dattijo mai 'ya'ya tara, ya sayar da babur ɗinsa ya biya haya, bayan wata biyu kuma mai gida ya tashe shi, yanzu iyalinsa suna ƙauye wurin ɗan'uwansa shi kuma yana kwana a shagon wani abokinsa a Babbar Kasuwa. Wata baiwar Allah da ke aikin tsintar shinkafa, mijinta ya rasu, ta cire 'yarta daga makaranta ana saura zango ɗaya ta rubuta jarrabawar fita sakandare. Mai shagon unguwarmu, wanda ya yi shekaru yana ba ni kaya bashi zuwa ƙarshen wata, ya kira ni gefe cikin mutunci ya nuna min shafina a littafinsa, ya ce shi ma dillalinsa ya matsa masa. Ban ga laifinsa ba, amma tun ranar nake zagayawa ta wani lungu idan zan je masallaci. Bashin da kamfani ɗaya ya riƙe haka yake bin mai shago da mai haya da mai koko da malamin Islamiyya.

Abin da ke ƙara mana tsoro shi ne mun ga yadda na gabanmu suka ƙare. Masaƙar KTL ta Kaduna, wadda aka kafa a 1957 zamanin Sardauna kuma mallakar jihohin Arewa ce, ta rufe a 2002, ma'aikatanta suka shafe shekaru suna neman haƙƙinsu, da yawa suka rasu ba su karɓa ba. Kamfanin jiragen sama na Nigeria Airways ya daina aiki a 2003, amma sai a 2018 Gwamnatin Tarayya ta amince da fitar da sama da Naira biliyan 22 don biyan wani ɓangare na haƙƙin tsofaffin ma'aikatansa. Waɗannan kamfanoni ne na gwamnati, masu ƙungiyoyin ƙwadago masu ƙarfi, 'yan jarida suna bin labarinsu. Idan su sun jira shekara 15 ko fiye, ina ga mu da ba mu da ƙungiya, kuma ba wanda ya san da mu sai maƙwabtanmu?

Ranku ya daɗe, wannan matsala tana da magani, kuma ba sai an je nesa ba kafin a ga misalinsa. Lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya soke lasisin bankin Heritage a watan Yunin 2024, hukumar inshorar ajiya ta NDIC ta fara biyan masu ajiya har zuwa Naira miliyan 5 kowanne ba tare da sun jira an sayar da kadarorin bankin ba, saboda akwai asusun da bankuna ke zubawa tun suna da lafiya domin irin wannan rana. Ƙasar da ta yi wa mai ajiya wannan tanadi za ta iya yi wa mai albashi. Wasu ƙasashe sun daɗe da yi. A Hong Kong an kafa asusun kare albashi tun 1985, ana tara kuɗinsa daga wani ɗan ƙari da ake ɗorawa a kan rajistar kasuwanci, kuma da zarar an shigar da ƙarar rusa kamfani ma'aikaci zai iya neman a biya shi daga asusun, idan kuma ma'aikatan wurin ba su kai 20 ba ana iya biyansu ko ba a shigar da ƙarar ba, muddin akwai hujjar da za ta isa a shigar. A Birtaniya gwamnati tana biyan bashin albashi har na mako 8 daga asusun inshorar ƙasa. A duka wuraren biyu, bayan an sallami ma'aikaci asusun ne ke gadar matsayinsa a layin masu bin bashi, shi zai yi jiran da shari'ar, tunda shi yana da ƙarfin jira. Yarjejeniya mai lamba 173 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka amince da ita a 1992, a kan wannan batu kacokan aka yi ta.

Saboda haka babbar buƙatarmu ita ce ɗaya daga cikinku, ko ku duka a matsayin ayarin Katsina, ku gabatar da ƙudirin kafa asusun lamunin albashi, wanda zai biya ma'aikacin kamfanin da ya karye albashin aƙalla wata uku da kuɗin sallama cikin ƙayyadadden lokaci. Na san za a ce masu kamfanoni sun riga sun ɗauki nauyi da yawa, tunda suna biyan kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashi ga hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF a ƙarƙashin dokar diyyar ma'aikata ta 2010, ga kuma kasonsu na fansho. Wannan magana gaskiya ce, shi ya sa muke ganin ɗan ƙaramin kuɗi da za a haɗa da rahoton shekara da kamfanoni ke kai wa hukumar rajistar kamfanoni ta CAC zai fi sauƙi a kan sabon haraji mai nauyi. Abin da muke roƙo a kula da shi shi ne kada a sa sharaɗin da talaka ba zai iya cikawa ba, kamar a ce sai ya kawo umarnin kotu kafin a saurare shi. Rahoton jami'in ƙwadago da ya je ya ga wurin a rufe, tare da littafin albashi ko shaidar banki, ya kamata ya wadatar.

Muna kuma roƙon a gyara sashe na 657 na Dokar Kamfanoni ta yadda albashin wasu 'yan watanni da kuɗin fanshon da aka riga aka cire za su fita daga kuɗin kadarorin kamfani kafin kowa, har da mai jingina. Idan aka yanka iyaka bayyananna, banki zai san da ita tun ranar da zai ba da rance, ya sa ta cikin lissafinsa, don haka ba za ta hana ba da bashi ga masana'antu ba. A ba ma'aikata damar haɗa bashinsu wuri ɗaya su shigar da ƙara guda, ko ƙungiyar ƙwadago ko Ma'aikatar Ƙwadago ta shigar a madadinsu, a kotun da ke jihar da suka yi aikin, kuma a ɗauke musu kuɗin shigarwa. A wajabta wa duk wanda aka naɗa ya karɓi kamfani, ko banki ne ya naɗa shi ko kotu, ya sanar da ma'aikata a rubuce cikin 'yan kwanaki, ya karɓi lissafin abin da suke bi, ya ba wakilinsu kujera a taron masu bin bashi. Daraktan da ya cire fansho bai tura ba kuwa, ko ya ci gaba da sa mutane aiki alhali ya san babu hanyar biyansu, a bi shi har aljihunsa. Dokar 2020 ta buɗe wannan ƙofa, abin da ya rage shi ne a sauƙaƙe wa ma'aikaci shiga ta cikinta.

Ina so in bayyana cewa rusa kamfani ba shi ne burinmu ba. Da za a tambayi mu 47 ɗin nan, babu wanda zai zaɓi a sayar da injina a matsayin ƙarafa a kan a sami mai saye ya tayar da masana'antar mu koma bakin aiki. Dokar 2020 ta kawo hanyoyin ceto kamfani kafin ya mutu, kamar naɗa masa mai riƙo na wani lokaci ko yin sulhu da masu binsa bashi, amma a namu wurin ba a gwada ko ɗaya ba, kuma mu da muka fara ganin alamun ciwon ba mu da inda za mu kai rahoto a saurare mu. Ya kamata doka ta ce duk kamfanin da ya yi wata biyu a jere bai biya albashi ba dole ya sanar da ofishin ƙwadago na jiharsa, domin a shigo tun da sauran abin cetowa.

Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba da labarin mutum uku da Allah da kansa zai yi husuma da su ranar alƙiyama, ɗaya daga cikinsu shi ne wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago, ya karɓi cikakken aiki daga gare shi, sannan bai ba shi ladansa ba. Ku da mu duk mun taso muna jin wannan a makarantun zaure na garin nan, kuma ina kyautata zaton zai yi nauyi a zukatanku idan ƙudirin ya zo gabanku.

A ƙarshe muna roƙon idan kun zo hutun majalisa ku ware yini ɗaya ku zauna a Katsina, da Daura, da Funtua, ku gayyaci ma'aikatan da kamfanoninsu suka rufe, da reshen ƙungiyar ƙwadago ta NLC na jiha, da lauyoyi, da masu masana'antu da wakilan bankuna, kowa ya faɗi nasa. Mu a shirye muke mu zo. Takardun albashinmu, da bayanan asusun fanshonmu, da kwafin littafin sito na watannin ƙarshe, da jerin sunayenmu tare da abin da kowa yake bi, duk suna hannuna a cikin jaka guda, kuma zan miƙa su ga duk wanda kuka turo.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Naku cikin girmamawa,
Tsohon mai kula da sito, a madadin abokan aikinsa 46,
Katsina.